Fasinjan da Ba Shi da Hannu

Shekara goma sha tara ke nan ina riƙe da birki
a ɗakin sama, kan wani tudu na Valparaíso,
inda gidaje suka rataye a jikin dutse
kamar wanki a kan igiya.
Akwatin katako ne, yana cin mutum bakwai.
Wayar ƙarfe ta ja shi sama, ta sauke ɗan'uwansa ƙasa,
teku na kallonmu.

Wata Talata ana yayyafi,
tsohuwa ta shiga da jikanta da kwandon lemon tsami.
Suna tsakiyar gangare
sai wani ya ce mini, da muryata sak:
Saki birkin.

Ban saki ba.
Amma rigata ta jiƙe, ba da ruwan sama ba.

Tun ranar ya tare a kaina, ko haya ba ya biya.
Na kunna masa kyandir a coci, ya sha ɗumi.
Na ƙirga kusoshin bango, ya taya ni ƙirga.
Na kaɗa shi kamar ƙuda,
ya zagayo ya sauka a ɗaya kunnen.
Griselda ta ce, "Eliseo, miyar ce ba ta yi ba?"
Na ce ta yi.
Ta yaya zan gaya wa matar da ke guge mini riga
cewa hannun nan ya fara ba ni tsoro?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na hau bene, saman shagon masu gyaran koma,
wurin Doña Fresia Millaqueo.
Na zaci za ta kaɗa mini agogo a ido
ta sace hankalina.
Kujera ce kawai, da bargo, da ƙarnin kifi ta taga.

Ta ce, "Rufe ido. Za mu sauka daga goma,
taki ɗaya, numfashi ɗaya."
Barci ne da ba barci ba:
ina jin kukan jirgin ruwa a tasha,
ina jin nauyin diddigena,
sai dai zuciyar ta daina saƙa da mugun zare.

Ranar farko ba abin da ya faru.
Ta biyu na yi minshari, na kuma biya kuɗi.

A ta huɗu ta ce, "Ga shi can a layin tikiti.
Dube shi da kyau. Me ya saka?"
Na ce tsohon kwat, ya yi masa yawa.
"Hannuwansa fa?"
Na duba.
Hannayen rigar na lilo, ba kowa a ciki.

Ta ce, "Baki gare shi, hannun naka ne.
Mai niyyar mugunta ba ya zuwa nan yana rawar jiki.
Bar shi ya shiga. Ba shi wuri kusa da taga.
Kada ka yi musu da shi, kada ka ba shi shayi.
Minti ɗaya da rabi ne, zai sauka."

Ba zan ce ya tafi ba.
Yakan zo ran da ban yi barci ba,
ko ran da iska ke girgiza kwanon rufi.
Ya ce abin da ya saba cewa.
Na ce, na ji, matsa ciki, akwai mutane a bayanka.

Jiya tsohuwar ta dawo, jikan ya fi ta tsawo yanzu.
Da suka iso sama ta leƙo ta taga,
ta ajiye lemo ɗaya kusa da birki,
ta yi mitar ƙarin kuɗin tikiti,
ta wuce.
Na sa shi a aljihu.
Har yamma hannuna yana ƙamshi.